Ina Aka Dosa? Sharhi Kan Rashin Gamsuwar 'Yan Najeriya da Alƙiblar Ƙasarsu

A tashar mota, a majalisar bakin titi, a shirye-shiryen rediyo na kiran waya, maganar ɗaya ce take dawowa da kalmomi daban-daban: ƙasa ba ta tafiya daidai, talaka ya shiga uku, abin da ake samu ba ya kai wa ko'ina. A ɗaya gefen kuma jami'an gwamnati suna fitowa da alƙaluma, suna cewa hauhawar farashi ta fara sauka, asusun ajiyar ƙasa na waje ya ƙaru, jihohi suna karɓar kuɗin da ba su taɓa karɓa ba. Mai sauraro sai ya rasa na kamawa. Wasu sun yanke cewa duk alƙaluman ƙarya ce. Wasu kuma sun yanke cewa duk koken siyasa ce ta 'yan adawa. Duka hukuncin biyu an yi gaggawa a cikinsu, domin akwai abubuwan da ya kamata a bambance kafin a yanke.

Ma'anar kalmomin

Idan aka ce alƙiblar ƙasa, ana nufin inda mutane suke ganin an dosa. Wannan ya bambanta da halin da ake ciki a yau. Mutum zai iya kasancewa cikin ƙunci amma yana ganin gobe za ta fi, kamar manomin da rumbunsa ya ƙare a watan Agusta alhali gonarsa ta yi kyau. Wani kuma yana da abin sakawa a baki amma yana ganin abin da ke gaba duhu ne. Don haka tambaya kan alƙibla tana auna fata da amincewa, ba nauyin aljihu kaɗai ba.

Rashin gamsuwa shi ma ba adawa ba ne, kuma ba yanke ƙauna ba ne. Ɗan jam'iyya mai mulki zai iya rashin gamsuwa. Wanda bai gamsu ba yana ƙorafi ne saboda har yanzu yana sa ran a gyara. Wanda ya yanke ƙauna ya daina ƙorafin ma.

Ƙuri'ar jin ra'ayi ita ce hanyar da masu bincike ke bi su auna wannan yanayi. Ba kowa ake tambaya ba. Ana zaɓar wasu ɗaruruwa ko dubbai daga sassan ƙasa, maza da mata, birni da ƙauye, ta yadda za su wakilci sauran, kamar yadda mai sayen hatsi ke soka buhu ya ɗebi kaɗan ya san abin da ke ciki. Ingancin sakamakon yana rataye ne a kan yadda aka yi zaɓen mutanen da yadda aka tsara tambayar.

Tallafin mai, wanda wasu ke kira sabsidi da kalmar aro daga Turanci, shi ne cikon kuɗin da gwamnati ke biya domin a sayar da fetur ƙasa da abin da aka kashe wajen samo shi. Sakin naira kuwa shi ne Babban Banki ya daina ƙayyade farashin dala, ya bar masu saye da sayarwa su tsayar da shi. Hauhawar farashi ita ce saurin da farashi ke tashi cikin shekara, yayin da tsadar rayuwa ke nufin inda farashin ya tsaya idan aka gwada shi da abin da mutum ke samu. A tsakanin waɗannan biyun na ƙarshe ne mafi yawan ruɗanin yake. Tiriliyan kuma, da ake yawan ji a maganar kasafi, biliyan dubu ke nan.

Ba yau aka fara ba

Cibiyar Afrobarometer, wadda ke gudanar da irin wannan bincike a ƙasashen Afirka da dama, takan tambayi kimanin mutum 1,600 a Najeriya a kowane zagaye. A binciken 2022, kusan tara cikin kowane goma sun ce ƙasar ta ɗauki hanyar da ba ta dace ba. A na 2024 adadin ya haura tara cikin goma. Abin lura shi ne na 2022 an yi shi ne a zamanin Muhammadu Buhari, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Ke nan duk wanda ya ɗora wannan ɓacin rai gaba ɗaya a kan gwamnatin Bola Tinubu ya manta baya, haka ma wanda ya ce babu abin da ya ƙaru. Abin da ya sauya tsakanin shekarun biyu shi ne jerin damuwar: a 2022 rashin tsaro ne ke kan gaba, a 2024 kuma tsadar rayuwa ta karɓe gurbin.

Tarihi ma ya nuna haka. An yi boren adawa da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1989. A Janairun 2012 ƙasar ta tsaya cik bayan Goodluck Jonathan ya cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, har aka sasanta a 97. A Oktoban 2020 matasa sun fito kan zaluncin rundunar SARS. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa masu kuɗi a banki suka kasa sayen abinci. Kuma tun a Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, wanda ke haɗa rashin ilimi, lafiya, ruwa, muhalli da aikin yi. Kashi 65 cikin ɗari na waɗannan a Arewa suke. A kan irin wannan jiki mai rauni ne matakan 2023 suka sauka.

Matakai biyu cikin mako uku

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabin rantsuwa, Tinubu ya sanar da cewa tallafin mai ya tafi. Cikin kwanaki lita ta tashi daga wajen naira 190 zuwa sama da 500 a yawancin jihohi. Zuwa Oktoban 2024 ta taɓa naira 1,000. A tsakiyar Yunin 2023 kuma Babban Banki ya saki naira. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024.

Ƙasar da ke shigo da alkama, magunguna, kayan gyaran mota da kayan masana'antu daga waje, kuma kusan duk kayanta a mota ake ɗaukarsu, ba ta da inda za ta ɓoye wa waɗannan matakai biyu. Hauhawar farashi ta tashi daga kimanin kashi 22 cikin ɗari a Mayun 2023 zuwa sama da 34 a Yunin 2024, ta abinci kuma ta haura kashi 40. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar lantarki fiye da sau uku ga masu amfani da wutar da ke rukunin A. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma lissafin mai sauƙi ne: tsohon albashin yana sayen lita kusan 160 a farkon 2023, sabon kuma lita 70 a ƙarshen 2024. Wannan ma ga mai albashi ke nan. Ɗan dako, mai shayi, mai ɗinki da matar da ke sana'a a cikin gida, waɗanda su ne mafi yawa, babu wata doka da ta ƙara musu ko kwabo.

A garuruwan kan iyaka kamar Jibiya, Illela, Kamba da Maigatari an sami ƙarin nauyi. Rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya tsayar da cinikin dabbobi, wake da sauran kaya na tsawon watanni, kafin Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024.

Tsaro da tukunya

Sau da yawa ana lissafa rashin tsaro da tsadar abinci a matsayin matsaloli biyu. A Arewa maso Yamma kusan matsala ɗaya ce. Manomin da 'yan bindiga suka hana shiga gona a Zamfara, Katsina, Sakkwato, Birnin Gwari ko Shiroro, ko wanda sai ya biya haraji kafin ya shuka ya kuma sake biya kafin ya girbe, shi ne buhun da bai iso kasuwar Dawanau ba. Iyalin da suka sayar da gona da shanu don biyan kuɗin fansa sun fita daga sahun masu noma sun koma sahun masu neman taimako. Rahotannin haɗin gwiwar gwamnati da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 30 ne suka fuskanci ƙarancin abinci mai tsanani a daminar 2024.

Akwai kuma rauni na zuciya da alƙaluma ba sa kamawa. Sace mutane a Chibok a 2014, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a 2022, Kuriga a 2024: gwamnatoci uku, labari iri ɗaya. Ga kuma Tudun Biri a Disambar 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya hallaka masu taron Mauludi bisa kuskure. Ubanni da dama sun cire 'ya'yansu daga makarantun kwana saboda tsoro. Idan aka tambayi irin wannan uba ko ƙasa na kan hanya, ba farashin dala zai duba ba kafin ya ba da amsa.

Me ya sa alƙaluma ke saɓa wa kasuwa

A nan ne ya kamata a tsaya sosai, domin a nan mutane da yawa suke zargin an yi musu ƙarya alhali ba a fahimci juna ba ne.

Saukar hauhawar farashi ba saukar farashi ba ce. A ɗauka mudu yana naira 1,000. Idan ya tashi da kashi 34 cikin ɗari, ya koma 1,340. Idan a shekara ta gaba hauhawar ta sauka zuwa kashi 20, mudun zai koma wajen 1,600. Jami'in da ya ce hauhawa ta ragu ya faɗi gaskiya. Uwar gidan da ta ce kaya sun ƙara tsada ita ma ta faɗi gaskiya. Motar ta rage gudu ne, ba baya ta koma ba. Ko a inda farashin hatsi ya sauka da gaske, kamar yadda aka gani a 2025 bayan an sassauta harajin shigo da abinci, kuɗin mota, haya, magani da makaranta ba su bi shi ba, manoma kuma suka koka cewa abin da suka kashe a taki ya fi abin da suka samu.

Sannan an sauya ma'aunan kansu. A Janairun 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sabunta kwandon kayan da take auna farashi da su, ta mayar da shekarar gwaji daga 2009 zuwa 2024. Adadin ya faɗo daga kusan kashi 35 zuwa kimanin 24 a wata guda, ba don wani abu ya sauka a kasuwa ba. Haka aka yi da rashin aikin yi: daga kashi 33 a ƙarshen 2020 zuwa kimanin 4 a 2023, saboda sabon tsarin yana ɗaukar duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Wannan tsari ne da ƙasashe da yawa ke bi, kuma sabunta ma'auni abu ne da ya dace a riƙa yi. Kuskuren shi ne a ɗauki sabon adadi a jera shi da tsoho a ce an samu nasara. Duk lokacin da wani jami'i ya yi haka, yana rage darajar hukumar da ƙasa ke buƙatar a yarda da ita.

Haka ma bunƙasar tattalin arziki. Idan ta zo ta fannin banki, sadarwa da mai, waɗanda ba sa ɗaukar ma'aikata da yawa, kuma yawan jama'a na ƙaruwa da kusan irin wannan sauri, za a iya ganinta a takarda ba tare da ta shiga gidan kowa a Gwarzo ko Gumel ba.

Mabambantan ra'ayoyi

Gwamnati da masu goyon bayanta, har da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, suna cewa babu makawa sai an ɗauki matakan. Hujjarsu tana da ƙarfi. A 2022 tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4. Kusan duk kuɗin shigar gwamnatin tarayya a wannan shekara wajen biyan bashi ya tafi. Bashin da gwamnati ta ci kai tsaye daga Babban Banki ya haura tiriliyan 22. Ana fasa-ƙwaurin man fetur mai araha zuwa maƙwabta, masu hanya kuma suna karɓar dala a farashin gwamnati su sayar a kasuwar bayan fage. Kasafin 2023 da Buhari ya bari bai tanadi kuɗin tallafi ba bayan watan Yuni, kuma abokan takarar Tinubu, Atiku Abubakar da Peter Obi, su ma sun yi alƙawarin cire shi. A wurin wannan ɓangare, ɓacin ran jama'a zafin magani ne, zai wuce.

Ɓangare na biyu ya yarda da manufar amma ya soki yadda aka aiwatar. A ganinsu an rushe tsohon ɗaki kafin a gina sabo: motocin gas, lamunin ɗalibai da ƙarin albashi duk sun zo ne bayan an riga an sha wuya, kuma shirin raba naira 25,000 ga gidaje miliyan 15 ya yi tuntuɓe, har aka dakatar da ministar da ke kula da shi a Janairun 2024. Na uku, wanda ya haɗa ƙungiyoyin ƙwadago da wasu malaman jami'a, yana ganin man fetur mai araha shi ne kaɗai abin da talaka ke amfana da shi daga arzikin ƙasarsa, kuma da ɓarayin tallafin ya kamata a kama, ba a cire shi ba.

Akwai ra'ayi na huɗu da ba a cika ba shi muhimmanci ba, alhali ya cancanta. Tun bayan cire tallafi, kuɗin da ake rabawa tsakanin tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi a kowane wata ya haura tiriliyan ɗaya. Makarantar firamare, asibitin sha-ka-tafi, ruwan famfo da hanyar ƙauye kuwa aikin jiha da ƙaramar hukuma ne. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma aiwatarwar ta yi ta tafiyar hawainiya. Fushi ya fi karkata Abuja, gwamnoni kuma suna samun sauƙin tambaya.

Batun amana

A nawa nazarin, hujjar tattalin arziki ta gwamnati ta fi ta masu cewa a dawo da tallafi ƙarfi, amma hakan bai warware matsalar ba. Jama'a suna iya jure wahala idan sun ga an raba ta da adalci kuma sun yarda da wanda ya ce su yi haƙuri. A lokacin da ake roƙon talaka ya ɗaure, an ga majalisar ministoci mai mutum sama da 40, an ga sabbin motocin alfarma na 'yan majalisa, an buɗe gidan mataimakin shugaban ƙasa da ya ci kimanin naira biliyan 21, an kuma sayo wa fadar shugaban ƙasa wani jirgin sama a Agustan 2024, watan da aka yi zanga-zangar yunwa. Masu kare gwamnati suna cewa waɗannan kuɗaɗe ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada su da kasafin ƙasa. Ta fuskar lissafi haka ne. Amma ba da lissafi ake gina amana ba, da abin da ido ya gani ne. An kuma sha yi wa mutane alƙawarin cewa kuɗin da aka tsimi daga tallafi zai koma hanya da asibiti, tun zamanin soja har zuwa 2012. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abin da ka iya biyo baya

Fuska ta farko da wannan ɓacin rai ke ɗauka ita ce titi. A Fabrairun 2024 an yi zanga-zangar tsadar abinci a Minna, masu gurasa ma sun fito a Kano kan farashin fulawa. Daga 1 ga Agustan 2024 aka yi ta kwana goma a faɗin ƙasa, kuma ta fi zafi a Arewa, inda aka sa dokar hana fita a Kano da wasu jihohi bayan ɓata-gari sun fasa shaguna da gine-ginen gwamnati. Ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24, rundunar 'yan sanda ta musanta. Gurfanar da ƙananan yara a kotun tarayya a Abuja a watan Nuwamba, inda wasu suka yanke jiki suka faɗi, ya tayar da hankalin jama'a har shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakinsu.

Fuska ta biyu ita ce kallon bariki. Tutocin Rasha da wasu matasa suka ɗaga a Kano da Kaduna lokacin zanga-zangar Agusta, da kiran da wasu suka yi wa sojoji, sun nuna tasirin juyin mulkin da aka yi a Mali, Burkina Faso da Nijar. Yawancin waɗannan matasa an haife su ne bayan 1999. Ba su ga layin sayen madara da sabulu na 1984 ba, ba su kuma san cewa gwamnatin soja ce ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986 ba, a lokacin da babu majalisar da za a kai wa kuka.

Fuska ta uku ba ta da hayaniya, kuma ita ce ta fi tsoratarwa. A zaɓen 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun fito. A 2015 kimanin 44, a 2019 kimanin 35, a 2023 kuma wajen 27. Tinubu ya ci zaɓe da ƙuri'a miliyan 8.8 cikin masu rajista sama da miliyan 93, wato ƙasa da mutum ɗaya cikin goma. Likitoci da ma'aikatan jinya suna tafiya Ingila, Kanada da Saudiyya, matasa marasa takardu suna bin Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. Idan masu ƙorafi suka janye daga rumfar zaɓe, ƙuri'ar da ta rage takan yi araha ga mai taliya da atamfa, kuma wanda ya hau ta wannan hanya ba ya jin akwai wanda ke binsa bashi.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, kowane ɓangare zai yi ƙoƙarin mallakar wannan ɓacin rai: 'yan adawa su ce nasu ne, gwamnati ta ce ya fara lafawa. Abubuwan da za su nuna inda aka dosa ana iya duba su ba tare da jiran kowa ba: ko abin da ma'aikaci da ɗan kasuwa ke samu ya fara cin ma farashi, ko manoman Zurmi da Sabon Birni sun koma gonakinsu na nesa ba tare da biyan haraji ga 'yan bindiga ba, ko kuɗin ƙaramar hukuma ya fara bayyana a aji da ɗakin haihuwa, da kuma yawan waɗanda za su fito su tsaya a layi ranar zaɓe.